Kwana biyu a Paris da Hajiya: ya zan yi?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure.

Ina karatu a Faransa, kuma Hajiyata za ta zo wurina a hutun Afrilu. Za mu sauka Paris Lahadi da dare, mu tashi Laraba da sassafe, wato Litinin da Talata kawai gare mu. To ga matsalar: gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ran Talata, fadar Versailles kuma a rufe take ran Litinin. Ni kuwa garin rawar jiki na riga na sayi tikitin Hasumiyar Eiffel na Litinin da rana, sai daga baya na lura ashe na hawa da ƙafa ne, matakala 674 zuwa bene na biyu! Hajiya ko benen gida sai ta dafa gwiwa ta huta sau biyu.

Shin a ƙofa ana iya canza shi zuwa na lif? Kuma Louvre da hasumiyar a wuni ɗaya ba zai kayar da tsohuwa ba, ko in haƙura da Versailles? Ita dai burinta ta yi Azahar a babban masallacin Paris.