"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar": har da fursuna?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Ƙanina ya yi wata 14 a gidan yari yana jiran shari'a kan wayar da aka ce ya ɗauke. Ya fito ya koyo halayen da bai shiga da su ba. Mahaifiyarmu kullum maganarta ita ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shin dangi kaɗai maganar ta shafa, ko har da hukuma?

Dattijo: Wa alaikumus salam, ɗana. Ta dangi ce. Uwa ce ba ta yar da ɗa. Hukuma kuwa dole ta tuna cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda aka yi wa fashi ma yana da uwa.

Tsohon Gandiroba: Baba, a gafarce ni. Karin maganar bai musanta ruɓewar ba. Cewa ya yi ko ya ruɓe, magani ake nema. Na ga yaran da suka shigo kan bashi ko tarar da suka kasa biya, aka haɗa su ɗaki ɗaya da 'yan fashi. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai. Amurka ta gwada yankewa, yau tana tsare da mutum kusan miliyan 2, kuma da yawa cikin waɗanda ake saki suna komawa.

Malama: Ni Ruwanda nake tunawa. Bayan kisan ƙare-dangi na 1994 mutum fiye da dubu 100 ne a tsare, kotuna ba za su iya da su ba. Sai aka kafa kotunan gacaca, wato kotunan al'umma masu tushe a gargajiya, suka yi aiki har 2012. Da yawa waɗanda suka amsa laifinsu a gaban jama'a an rage masu ɗauri, wani ɓangaren suka biya da aikin al'umma. In an yi haka a kan jini, me zai hana a kan waya?

Dattijo: Malama, na yarda a kan ƙananan laifuka: beli, sulhu, biyan diyya. Amma wanda ya kashe rai bai yi nadama ba fa?

Tsohon Gandiroba: A tsare shi, Baba. Sai dai mafi yawan fursunoni wata rana za su fito, kuma maƙwabtanmu za su zama.

Mai Tambaya: Ƙanin nawa har yau ba wanda ya yarda ya ɗauke shi aiki. Kotu kuma ba ta taɓa cewa ya yi laifin ba.