Karatun allurar Sin zai riƙe gida a Sakkwato?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikacin jinya ne a nan Sakkwato, shekarata 9 ina aiki. Bara ciwon gwiwa ya kama mahaifiyata har sallah sai a zaune. Muka kai ta Abuja wajen mai akufanca, maganin nan na Sinawa da ake tsittsira siraran allurai kamar gashi a jiki. Ina zaune ina kallon alluran a kewayen gwiwarta, kusan rabin awa ko motsi ba ta yi ba. Ta samu sauƙi, ni kuma sana'ar ta shiga raina.

Kuɗi ne ya tsaya mini. Digirin wannan fanni a ƙasar Sin shekara 5 ne. Abin da na tara naira miliyan 3, in aka canza shi dala bai taka kara ya karya ba, ga iyali da yara 4 a unguwar Mabera. In na ajiye aiki wa zai ci da su?

Ko an dawo ma da sauran rina a kaba. Allurar sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, daga waje kuma ake kawo ta. Ga hayar shago. Mutanenmu sun saba da ƙahon wanzami, kuɗi ƙalilan. Anya za su jure biyan zama goma?

Don Allah wanda ya karanci fannin ko yake yi a Arewa, nawa ka kashe, kuma yaushe kuɗinka suka fara dawowa? Akwai gajeren kwas da hukuma ta yarda da shi, wanda zan yi ban bar aiki ba?