Ina da hawan jini, kuma mahaifiyata ta gama shirin wankan jego

Mai Cikin Fari:

Assalamu alaikum. Cikina ya shiga wata na takwas, kuma shi ne na fari. A awon da na je sau biyu a baya an ga jinina ya hau, har ya kai 145/95, sai aka ɗora ni a kan magani, malamar asibiti kuma ta ce kada in yawaita gishiri da dunƙulen miya. Mako mai zuwa zan koma gidanmu goyon ciki, inda Inna ta riga ta sayi itace, ta tanadi babbar tukunya, ta ajiye gero da kanwa, domin a gidanmu mai jego tana wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har ta yi arba'in, tana kuma shan kunun kanwa kullum. Na ji ana cewa waɗannan abubuwa suna taɓa zuciya. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ta yaya zan yi wa Inna bayani ba tare da ta ga na raina abin da ta yi wa yayyena uku ba?

Ungozomar Asibiti:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sauke ki lafiya. Maganar da kika ji tana da tushe. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da ake kawo musu zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta hakan da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna cewa akwai wasu dalilan, kamar hawan jini lokacin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, saboda haka ba zan ce miki wanka kaɗai ke kawo ciwon ba.

Amma ke halinki daban yake da na yayyenki. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ne a cikinta, kuma shi ne yake riƙe ruwa a jiki. A kwanakin farko bayan haihuwa jiki yana fama da fitar da ruwan da ya tara wata tara, sai a ƙara masa kanwa safe da yamma, zuciyar da hawan jini ya riga ya gajiyar kuma a ce ta ɗauki wannan kaya. Shi kuwa ruwa mai tsananin zafi yana buɗe hanyoyin jini, yana sa zuciya gudu, kuma na sha ganin mai jego da jiri ya kwashe ta a banɗaki, ko wadda ruwan ya ƙona mata ciki da cinyoyi. Shawarata ita ce ki bar kanwar gaba ɗaya. Ki sha kunun gero ko na gyaɗa ko na tsamiya yadda kike so, a sirka miki ruwan wanka har ya zama wanda za ki iya tsoma hannu ki bar shi a ciki. Abin da ke kawo ruwan nono shi ne yawan ba jariri yana tsotsa, dare da rana, tare da cin abinci da shan ruwa.

Abin da ya fi wanka damuna shi ne inda za ki haihu. Mai hawan jini a asibiti take haihuwa, don haka ki tafi da katin awonki, ki nuna shi a asibitin garinku tun kafin naƙuda. Kada ki daina magani don kin sauka, domin jini yakan sake hawa a makon farko, kuma jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa. Ki koma a auna ki a kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na shida. Ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki, ko numfashi sama-sama, kowanne daga cikinsu ya isa a kai ki asibiti a take, ko da ranar suna ce.

Kakar Jikoki:

'Yata, haihuwa tara na yi, kuma kowacce sai da na yi wankanta cif, don haka na san abin da ke zuciyar mahaifiyarki. Tsoro take ji kada sanyi ya shige ki, kada kuma dangin mijinki su ce an mayar da ke ba a gyara ki ba. Wannan itacen da kika gani, ƙauna ce ta saya da kuɗinta. Idan kika shiga gida kika ce ba za ki yi wanka ba, za ta ji kin watsa mata ƙasa a ido, kuma 'yan barka za su taya ta jin haka.

Ki ɗauke ta ku je awo tare, malamar ta faɗa mata da bakinta, domin mu manya mun fi karɓar magana daga mai farar riga a kan 'yar da muka haifa. Sannan ki bar mata duk abin da ba ya cutarwa: ta dafa ganyen darbejiya a ruwan, ta sirka, ta yi miki wankan da hannunta, ta daddanna miki baya, ta yi miki farfesu. Ƙaramar 'yata tiyata aka yi mata, likita ya hana ruwan zafi a kan ɗinkin, muka bi, kuma ga ta nan lafiya da yaronta. Arba'in ɗin ma ai babban amfaninsa hutu ne, a ɗauke miki girki da wanki da surfe. Wannan kada ki yarda ki rasa shi.

Wani Magidanci:

Malama, ki yi haƙuri da shigar namiji cikin zancen mata, abin ya taɓa faɗa wa gidana ne. Maiɗakina ta yi kusan mako uku da haihuwa sai ƙafafunta suka kumbura, ta riƙa tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jera mata matasai ta jingina. Aka ce sanyi ne ya kama ta, aka ƙara wa ruwan wuta, aka ƙara kunu, ni kuma na yi shiru saboda kunyar surukai. Ranar da muka kai ta asibiti likita ya ce zuciya ce, kuma ta shafe watanni tana shan magani kafin ta dawo daidai. Har yau ina jin ciwon wannan shirun.

Ki sa mijinki cikin maganar tun yanzu. Ya san alamomin da ungozoma ta lissafa, ya ajiye kuɗin mota da lambar direban da zai iya fitowa cikin dare, kuma ku amince cewa idan numfashinki ya canja ba za a jira izinin kowa ba.

Mai Cikin Fari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na kira Inna na ce ina so ta raka ni awon farko da zan yi a can, ta ce to, har ta tambaye ni ko jinin ya sauka. Maganar kanwa ban tayar da ita ba tukuna, na bar ta sai mun zauna gaban malamar.