Nuna hannu da wuce juna a kan keke a titin Legas, kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai buɗe zance, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta hana okada a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022, su Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Mainland, aka zo kuma aka cire tallafin mai a 2023, yaranmu da yawa sun koma keke, wasu kai abinci wasu kai saƙo. Abinda ke damuna keke bashi da sigina bashi da madubi bashi da wutar burki, hannunka ne kawai da bakinka, amma sai kaga yaro ya karya kwana ba nuni ba komai, ko ya shigo ta damanka shiru kamar aljani. Don Allah kowa ya faɗi abinda ya gani da idonsa ko ya same shi, ƙannenmu su ƙaru.

Ɗan Mile 12:
Wa'alaikumussalam yaya. Ni tun watan Satumba na 2022 da aka ƙara Kosofe cikin dokar na ajiye mashin, kullum Ikorodu Road nake bi daga Mile 12 zuwa Ketu da Ojota. Abinda na gani shine miƙa hannu kaɗai baya tsare mutum, akwai wani yaro a gabana wajen Ketu ya miƙa hannun hagu a daidai lokacin da ya riga ya fara karkata, mai mota na bayansa ko sakan ɗaya bai samu ba, sai ƙarar burki, Allah ya kiyaye gwiwa kawai ya goge. Ka fara waigawa tukunna, sannan ka miƙa hannun sosai ba a lanƙwashe ba, ka bari direban ya ganka ya sassauta, sannan ka maida hannunka kan keken ka shiga kwanar da hannu biyu. Waigen nan yafi hannun ma aiki wallahi, don direban Legas in kuka haɗa ido yafi ɗaga maka ƙafa.

Baba mai gyaran keke, Idi-Araba:
Yarana ku ji wannan daga wajen mai gyara. Kekunan tokumbo da ake kawowa ba ɗaya bane, wani burkin gaba yana hannun dama wani yana hagu, ya danganta da ƙasar da ya fito. Kafin ka hau keken da ba naka ba, matsa kowanne ka ga wace taya ta kama. In ka ɗaga hannu ɗaya kana nuni, wanda ya rage a kan keken kuma na burkin gaba ne, ka damƙe shi da ƙarfi, to ta kai zaka tafi. An kawo min keke da kansa ya murɗe saboda wannan, mai shi haƙoransa biyu suka fita. Ka rage gudu kafin ka ɗaga hannu, ba bayan ka ɗaga ba. Kuma ku sa ƙararrawa, kuɗinta bai kai kwanon abinci biyu ba.

Mai kai abinci, Obalende:
Baba Allah ya ƙara girma, gaskiya ne. Ni nawa akan danfo ne, wato bas ɗin haya na Legas. Kada ka kuskura ka wuce danfo ta damansa in kuna kusa da bostop, ko da kaga fili tsakaninsa da kwata, don fasinja ɗaya zai ɗaga hannu ko wani ya ce owa daga ciki, wato zai sauka, direban ya yanko dama nan take ba sigina, ƙofar kuma a wannan gefen take mutane na dirowa tun motar bata tsaya ba. An taɓa matse ni haka jakar abincin ta faɗa kwata, miya ta zube, ni na biya daga aljihuna, direban ko waigowa baiyi ba. Yanzu hannun kwandasta nake kallo ba fitilar motar ba, in ya leƙo yana kaɗa hannu ƙasa ko yana bugun jikin mota, na san tsayawa zasuyi, sai in ja baya in waiga in bi ta hagu. Marwa, wato adaidaita sahu, ma haka take, ita ma juyawa take a wuri ɗaya.

Ɗan Mile 12:
Haka ne ɗan uwa, tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a gefen dama na titi, mai tafiya a hankali ya riƙe dama, mai wucewa ya bi ta hagu, keke ma bai fita daga wannan ba.

Tsohon ɗan okada, Alaba Rago:
Ni dai ban yarda a ce kullum sai ka nuna hannu ba, ku yi haƙuri. Akwai wuraren da titin duk rami ne da yashi, lokacin damina ruwa ya rufe ramin baka san zurfinsa ba, ga buhu a bayanka, a nan in ka saki hannu ɗaya ka faɗi. Gara ka riƙe keken da kyau ka yi magana da baki, ko ka sauka ka tura ka tsallaka tare da masu ƙafa, ba abin kunya bane. Maganar tirela kuma, wanda ya san hanyar Mile 2 zuwa Apapa ya san me nake nufi, hannunka duk tsawonsa direban kwantena baya ganinsa daga can sama. In baka ga fuskarsa a madubinsa ba shima bai ganka ba. Kuma tirela in zata shiga dama sai ta fara buɗewa hagu, yaro yaga fili ya shige, tayar baya ta rufe filin. Na ga wannan da idona sau ɗaya, har yau bana son tuna ranar, Allah ya jiƙan yaron. Ka tsaya a bayanta ta gama kwanarta.

Mai buɗe zance, Agege:
Amin kawu, Allah ya jiƙansa. Ban musa maka ba, inda hannu bazai saku ba baki ya yi aiki.

Wata 'yar uwa, Sabo Yaba:
Ni bana hawa amma ina kai yara islamiyya da ƙafa, kuma masu keke sunfi mota tsorata ni don basu da ƙara. Ran nan wani ya wuce tsakanina da ƙaramar 'yata, jakarsa ta ja min hijabi, ga abin sauraro a kunnensa duka biyu. Don Allah ƙannena in zaku wuce mutum ku buga ƙararrawa tun daga nesa, ba sai kun zo daf da kunnensa ba, yaro in ya firgita gaban keken yake faɗawa. Masu bin wanwe kuma, wato masu tahowa ta hannun da ba nasu ba, mu bama duba wannan ɓangaren in zamu tsallaka.

Mai hawan motsa jiki, Ikoyi:
Gaskiyarki yaya. Mu muna fita da asuba ranar Asabar ta gadar Lekki zuwa Ikoyi, a jere muke tafiya taya kusa da taya, na baya baya ganin titi sai bayan na gabansa, don haka na gaba in yaga rami ko kwalba sai ya nuna ƙasa da yatsa ta gefen da abin yake, kowa ya miƙa wa na bayansa. In mota ce a fake sai ya kai hannu bayansa ya kaɗa zuwa hagu. In za'a tsaya tafin hannu ƙasa yana kallon baya. Mai wucewa kuma ya ce ina hagunka, ya bar tazara, kada ya dawo dama sai tayarsa ta baya ta wuce ta gaban ɗan uwansa sosai, don in tayarka ta gaba ta taɓa ta bayan wani kai ne a ƙasa ba shi ba. Masu kai abinci in kun haɗu biyu uku a hanya ɗaya wannan zai muku aiki.

Mai kai abinci, Obalende:
Na nuna rami na gane, zan gwada. Amma da dare fa yallabai, hannun ma wa zai gani? Ni rigar nan mai ƙyalli nake sawa da ƴar fitila ja a ƙarƙashin sirdi. Baba na Idi-Araba ko kana da mai caji a shagonka, tawa mai batir ce kuma ruwa ya shige ta.