Musayar Waƙa: Masu Kwana Ƙarƙashin Gada

Ɗan Zangon Agege:
Sallama jama'a, yau ni ne da buɗewa,
Samarinmu a gindin gadar Oshodi ta Legas suke taruwa.
Tun 2022 da aka tsananta hana acaba,
Mai kwana kan babur ya rasa wurin fakewa.
Kwali ne katifa, takalmi matashin kai,
Ido ɗaya a buɗe don gudun masu kwashewa.
Shin ƙwaya ce ta jefa su titi,
Ko titin ne ya koya musu haɗiyewa?

Hajiyar Idi-Araba:
Ƙanena, ai ba ƙofa ɗaya ba ce.
Wani ya kwana uku bai runtsa ba,
Ga dakon albasa a kasuwar Mile 12, jiki bai yarda ba.
Sai a miƙo masa tiramol mai lamba 225,
Ta asibiti 50 ce ko 100, ba irin wannan ba.
Kafin a jima, guda ba za ta ishe shi ba.
Wani kuwa ciwon ne ya riga ƙwayar:
Yana jin muryoyi, gida ba su gane ba,
Aka ce iskoki ne, ya fice, ba a bi sahu ba.

Mai Shayin Obalende:
Hajiya, bari in ɗora daga nan.
In mai shan tiramol ya faɗi yana jijjiga, kar a danne shi,
Ba cokali a baki, ba ɗura madara, za ta shaƙe shi.
A janye kwalba da dutse, ta gefe a kwantar da shi,
Ta wuce minti 5? A kira 112, lambar agajin gaggawa, su ɗauke shi.
Wanda ya haɗa da roci, ƙwayar barci, ko giya yana minshari,
Numfashi ne ke ja baya, kar a tafi a bar shi.
Mai sholisho kuma, zuciya kan tsaya farat ɗaya,
Don Allah kar a bi shi da gudu a firgita shi.

Kawu na Alaba Rago:
Masu cewa a sa masa mari, ku saurara,
Sarƙa na cin ƙafa, ba ta hana muryoyin ƙara.
Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, tun 1907 ya fara.
Yanke ƙwaya rana ɗaya: zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi,
A hankali likita ke ragewa, yana lura.
Amma a sallame shi ya koma kwalin jiya?
Dillalin na nan zaune, shi kawai yake jira.

Ɗan Zangon Agege:
To Kawu, wa ke da tabarma a bayan shago,
Da mai raka shi Yaba ranar komawa?