Ta yaya hoton kumbo ke nuna zurfi da shekarun ramukan duniyar Mars?

Ɗalibin Falaki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hotunan da kumbon Mars Reconnaissance Orbiter ke aikowa daga duniyar Mars cike suke da ramukan da faɗowar duwatsun sararin samaniya ta haifar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda daga sama ake ɗaukar hoton, ta yaya masana ke sanin zurfin rami, har su ce wannan sabo ne, wancan kuma tsoho?

Mai Hangen Nesa:
Wa alaikumus salam. Game da zurfi, inuwa ce ke tona asiri. Idan an san inda rana take a lokacin da aka ɗauki hoton, sai a auna tsawon inuwar da bakin ramin ya shimfiɗa a cikinsa, lissafi ya fitar da zurfin. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗauki wurin sau biyu daga kusurwoyi daban-daban, a haɗa hotunan a kwamfuta, kamar yadda idanu biyu ke sa mutum ya gane nisan abu. Kyamarar HiRISE da ke jikin kumbon, wanda ya isa Mars a 2006, tana iya rarrabe dutsen da girmansa bai wuce mita 1 ba.

'Yar Kimiyya:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, bari in ƙara kan shekaru. Sabon rami bakinsa na da kaifi, tarkacen da ya fallatsa kuma na nan kewaye da shi, yayin da tsoho iska ta cika shi da yashi da ƙura har gefensa ya dakushe. Wani lokaci ma ana sanin ranar da abin ya faru. A ranar 24 ga Disamba 2021, na'urar InSight, wadda aka sauke a doron Mars don auna girgizar ƙasa, ta ji wata girgiza, daga baya aka kwatanta hotunan kafin ranar da na bayanta, sai ga sabon rami mai faɗin kusan mita 150, da dunƙulen ƙanƙara warwatse a bakinsa.

Mai Hangen Nesa:
Haka ne, Malama, sai dai irin wannan dace ba kullum ake samunsa ba. Galibi ƙirga ramuka ake yi, domin yankin da ya fi yawan ramuka shi ya fi daɗewa. Mayar da wannan ƙidaya zuwa adadin shekaru kuwa ya dogara ne da shekarun duwatsun da 'yan sama jannatin shirin Apollo na Amurka suka kwaso daga duniyar wata, ba daga Mars ba, don haka ni a ganina kamata ya yi a ɗauki alkaluman shekarun Mars a matsayin ƙiyasi.