Butar tagulla mai siffar zaki, wai da ita ake wanke hannu?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a, dan Allah masana tarihi ku taimaka. Na ga hoton wani zakin tagulla na gidan tarihin Metropolitan da ke New York, wai buta ce ta Turawan da, to ta ina ake zuba ruwan ta ina yake fita? Ko dai kayan ado ne kawai?

Bazazzagi:
Wslm. Buta ce ta gaske malam, akwamanil ake ce mata. Cikin zakin fanko ne, akwai ɗan murfi a saman kai ta nan ake ɗura ruwa sai ya fito ta baki ko ta ɗan famfo a ƙirji, mariƙin ma sau da yawa wani ɗan dodo ne ya gantsare a bayan zakin. Jamus aka fi ƙera su, Hildesheim da Nuremberg, daga ƙarni na 12 zuwa na 15. Limaman coci na wanke hannu da ita lokacin ibada, attajirai kuma kafin cin abinci da bayansa tunda da yatsu suke ci, bara ya tsiyaya ruwa an tara tasa a ƙasa.

Maman Ilham:
Ni abin da ke min ciwo ba a cika faɗin cewa ƙasashen Musulmi sun riga su ba. A gidan tarihin Hermitage na Rasha akwai mai siffar gaggafa da aka yi a shekara ta 180 bayan hijira, wato wajen 796, har sunan maƙerin na jiki, Sulaiman. Akwai kuma saniya mai tozo tana shayar da ɗan maraƙi zaki ya cafke tozon, ita 1206 miladiyya aka yi ta, wlh ku nemo hoton ku sha kallo.

Jikan Maƙera:
Aikin ne abin jinjinawa gaskiya. Da yumɓu ake fara siffar, a lulluɓe da kakin zuma a fitar da gashin wuya da idanu, a sake rufewa da yumɓu a gasa kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake fito da ita, shi ya sa ba za ka samu biyu iri ɗaya sak ba.

Bazazzagi:
Ko a Najeriya akwai, fadar Oba na Benin na da masu siffar damisa, ta hanci ruwan ke fita. Wasunsu na cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897.

Ɗan Kurmi:
Ikon Allah, na gode sosai. Waɗannan na damisar suna cikin waɗanda aka fara dawo da su kuwa?